SUNA LINZAMI: ME MUKE KIRAN CIWON DA IDO BA YA GANI?



'Yan uwa, yau da laifina zan fara kafin in taɓo na kowa.

Akwai wani matashi tela a nan wajenmu Wusasa da yake zuwa karatun da muke yi tsakanin magariba da isha'i. Yaro ne natsattse, ba ya da hayaniya, irin waɗanda in an watse su ne ke tsayawa naɗe tabarmi. Sannu a hankali aka fara lura da wani abu game da shi. Buta ɗaya ba ta isarsa alwala, sai biyu, wani lokaci uku. A tayar da sallah yana can tsugune yana sake wanke hannu. In ya samu ya shigo sahu kuma, liman ya kai ruku'u shi yana nan tsaye yana ɗaga hannu yana saukewa, wai kabbarar harama ba ta zauna masa ba. Daga baya kunya ta sa ya daina zuwa jam'i. Ɗinkin mutane ya taru a shago, har aka fara zuwa ana kwashe yadi ana kai wa wasu.

Wani dare ya tsaya har kowa ya fita, ya matso kusa da ni, murya na rawa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni fa ina jin na kafirta." Na ce subhanallahi, me ya faru? Ya ce wasu maganganu ne suke faɗo masa a rai game da Allah da ManzonSa (SAW), waɗanda ya gwammace a yanka shi da ya furta su. Duk sanda suka zo sai ya maimaita kalmar shahada, wani lokaci har ya je ya yi wankan shiga Musulunci. Ya ce akwai ranar da ya yi wankan sau huɗu.

Ban yi dogon tunani ba. Na ce masa wannan raunin imani ne, ya binciki kansa ko akwai wani zunubi da yake ɓoyewa, ya rage kallon waya, ya ƙara zikiri. Na rubuta masa azkar da adadinsu a takarda. Ya yi godiya ya tafi.

Ashe ban san na ƙara wa wuta fetur ba. Mutumin da yake kokwanton ko ya wanke hannu sau uku, ka ba shi abin da zai ƙirga sau ɗari? Ya riƙa kaiwa tamanin da wani abu sai ya ji kamar ya ɓata lissafi, ya koma farko. Sannan ga maganar zunubi da na jefa masa, ya zauna yana tonon rayuwarsa tun daga ƙuruciya yana neman laifin da ya jawo masa. Cikin 'yan watanni yaron nan ya rame ya fita hayyacinsa.

To ku tsaya mu ƙirga sunayen da aka raɗa wa abu ɗaya a gida ɗaya. Mahaifiyarsa ta ce jifa ne, domin abin ya fara ne bayan ya sayi sabon keken ɗinki, kuma ta san wanda abin bai yi wa daɗi ba a layin shagunansu. Kawunsa ya ce ba wani jifa, aljana ce ta aure shi. Abokansa na majalisa suka ce karatu ne ya yi masa yawa, ya fara zarewa. Ni na ce raunin imani. Shi kuwa sunan da ya ba kansa ya fi duka muni: munafuki.

Kowane suna a cikin waɗannan yana da ƙofar da yake kai mutum. Jifa ya kai Hajiya wajen masu magani, aka yi ta turare da wanka da sassaƙe, kuma ya kashe gaisuwa tsakaninta da gidan wancan telan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Aljana ta kai shi wajen mai ruƙiyya, aka yi ta ce wa wata da ba ta amsa ba ta fita. Zarewa ta sa abokai suka janye jiki. Nawa sunan ya ɗora masa laifin ciwonsa a kansa. Nasa kuwa, wallahi da an bar shi da shi, ƙarshensa ɗebe tsammani daga rahamar Allah ne, wanda ya fi ciwon kansa hatsari. Hausawa suka ce suna linzami. Mun fi faɗin wannan a kan sunan yanka, amma a wajen ciwo maganar ta fi tabbata: inda ka ja linzamin, nan marar lafiya zai nufa.

Daga ina muke samo waɗannan sunaye? Ba wanda aka haifa da su. Allah Maɗaukaki Ya ba mu labari a Suratul Baƙara cewa Ya sanar da Annabi Adamu (AS) sunaye, kuma da wannan sanin aka bayyana fifikonsa a gaban mala'iku. Ke nan iya raɗa wa abu suna baiwa ce babba, kuma duk baiwa amana ce. Amma dubi yadda muke koyonsu. Yaro ba ya koyon kalmar "wuta" daga ƙamus. Ya miƙa hannu ne ya ji zafi, uwa ta daka masa tsawa ta ce wuta! Daga ranar kalmar ta shiga kansa tare da abu uku: hoto, da jin tsoro, da abin da ake yi, wato janye hannu. Haka kowace kalma take shiga. To ina muka koyi "mahaukaci"? A bakin kasuwa ko tasha, mutum da tsumma, gashi ya cukurkuɗe, yana tsintar abinci a bola, yara na binsa da jifa, mu ma muna cikin yaran. Wannan shi ne hoton. Shekara arba'in bayan nan likita ya ce maka ɗanka yana da matsala da ta shafi ƙwaƙwalwa, ba maganar likita kake ji ba, wancan mutumin na bakin kasuwa kake gani sanye da fuskar ɗanka.

Shi ya sa yanzu ba na saurin ganin laifin iyaye mata in sun ce aljanu ne ko sammu ne. Ba kullum jahilci ba ne. Uwa tana lissafi. Aljani daga waje yake zuwa, ana fitar da shi, a wuce wurin. Amma in aka ce "gidan su wane akwai taɓin hankali", to an gama, wa zai zo neman ƙannensa mata? Ita sunan da zai rufa wa gidanta asiri take zaɓa, ko da ba ta san zaɓa take yi ba. Matsalar ita ce sunan da ya rufa wa gida asiri wani lokaci shi ne yake rufe wa marar lafiya ƙofar magani.

Abin mamaki kuma, harshenmu ba matalauci ba ne a wannan fage. Ku saurari yadda muke magana. Hankali yana tashi, yana kwanciya, yana rabuwa, yana gushewa, yana dawowa. Kamar ruwan kududdufi ne da aka dama, in aka bar shi ya lafa. Ciki yana yin baƙi, yana yin fari. Zuciya tana ɓaci, tana karaya, tana tafasa, tana sanyi. Muna da fargaba, da firgita, da zullumi, da damuwa, da ƙunci, da kewa, da waswasi, kowanne da nasa ɗanɗanon. Kakanninmu sun san cewa tsakanin cikakkiyar lafiya da fita tsirara akwai matakai masu yawa. Mu ne muka zo muka tattara komai muka zuba a buhu biyu: ko hauka, ko iska. Duk wanda bai shiga ɗayan biyun ba sai mu ce masa ya yi haƙuri, ya zama namiji.

Wanda ya zauna a Wusasa ya kamata ya fi kowa sanin cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar duniya biyu. Garin nan yana bayan ganuwar Zazzau, kusa da Dutsen Kufena, kuma nan ne 'yan mishan ɗin da Likita Walter Miller ya zo da aikinsu cikin birnin Zariya a 1905 suka koma da zama wajen 1929. Cocinsu na ƙasa mai ginin Hausa yana nan, asibitin St Luke yana nan. Da suka zo fassara littafinsu da Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, ba su ƙirƙiro sabon harshe ba, kalmominmu suka tarar suka ɗauka: Allah, addu'a, zunubi, tuba, alheri, mala'ika. Har gobe ni da maƙwabcina Kirista Bahaushe muna cewa "tuba", amma abin da ke ƙarƙashin kalmar a aƙidata daban, a tasa daban, kuma kowannenmu ya san da haka. Mu ma mun ɗauki nasu. "Asibiti" da "likita" daga bakin Turawa muka ji muka lanƙwasa su suka zama namu. Daga wannan al'umma ta Wusasa ne ma likitan farko ɗan Arewa ya fito, Dakta Barau Dikko, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Zaman wuri irin wannan yana koya wa mutum tambayar da ba mu cika yi ba: da ka faɗi kalmar nan, me kake nufi da ita?

Kuma cikin ikon Allah, daga nan sauƙin yaron ya ɓullo. Akwai wata dattijuwa, tsohuwar nas da ta yi ritaya, Kirista ce, shi yake mata ɗinki, kuma sun fi shekara talatin suna maƙwabtaka da mahaifiyarsa, ana kai wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti. Ta je dubiya ta zauna ta kalle shi yana alwala. Ta ce, "Hajiya, wannan ciwo ne, na sha ganin irinsa, kuma yana da magani. Ku kai shi Shika." Hajiya ta taso mata: "Ɗana ba mahaukaci ba ne!" Matar nan ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Wa ya ce hauka? Mahaukaci ya san yana da damuwa? Wannan ya san abin da yake yi ba daidai ba ne, kasa bari ya yi. Ciwon waswasi ne, kamar yadda ake ciwon suga." Ka ji fa. Ba ta canza ciwon ba, suna ta canza, Hajiya ta ɗauki mayafi.

Ni na raka su asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, rabi don zumunci, rabi don zuciyata ba ta kwanta da shawarar da na bayar ba. Likitan matashi ne Musulmi. Ya daɗe yana tambayoyi, sannan ya ce wannan sanannen ciwo ne, a taƙaice suna ce masa OCD. Tunanin da mutum ba ya so ya faɗo masa, hankalinsa ya tashi, ya yi wani aiki don ya samu sauƙi, kamar sake alwala ko sake shahada. Sauƙin ya zo na ɗan lokaci, amma ƙwaƙwalwa ta koyi cewa lallai akwai hatsari tunda an gudu, sai tunanin ya dawo da ƙarfi fiye da da. Ya ce wani a kulle ƙofa ciwon yake kama shi, wani a wanke hannu don tsoron cuta, mai riƙo da addini kuwa a abin da ya fi so yake kama shi, wato ibadarsa. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce suna ɗaukar makonni kafin a ga aikinsu. Sannan ya ce babban maganin shi ne horo: ya yi alwala sau ɗaya ya tashi, ko zuciya na ce masa ba ta yi ba, ya bar hankalin ya tashi har ya gaji ya kwanta da kansa.

Sai ya juyo gare ni ya ce, "Malam, a nan kun fi mu ƙarfi. In ni na ce masa kada ya sake alwala, zai ce likita ba malami ba ne. Sai ya ji daga bakinku cewa sallarsa ta yi."

Wallahi a kan kujerar nan kunya ta rufe ni. Domin abin da likitan ya gama bayani, na karantar da shi a zaure ban san adadi ba. Duk wanda ya yi Ahalari ko Risala ya wuce ta kan hukuncin mai waswasi, wanda malamanmu na Malikiyya suke kira mustankahi, muna fassarawa da "wanda kokwanto ya aure shi". Shi ne wanda shakka ke zuwar masa kullum. Hukuncinsa daban ne da na sauran mutane: ba ya bin kokwanton, ba ya kawo abin da yake shakka a kansa, ya yi watsi da shi ya ci gaba da sallarsa, ya yi sujada ba'adiyya. Ko a babin alwala, inda mazhabarmu take cewa shakkar kari tana warware ta, an cire shi daga ciki. Kawu ya ce aljana ta aure shi. Ashe aure kam an yi, amma kokwanto ne angon, kuma littafin da ke kan shantata ya faɗi yadda ake raba auren.

Sannan ga abin da Imam Muslim ya ruwaito, cewa wasu Sahabbai sun zo wa Annabi (SAW) da irin wannan kuka sak, suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su. Bai ce musu imaninsu ya yi rauni ba, bai ce su je su tono zunubansu ba. Ya nuna musu cewa wannan ƙin da suke wa abin shi ne tsantsar imani. Abin da yaron nan ya kira kafirci, ni na kira raunin imani, Manzon Allah (SAW) ya riga ya ba shi suna mai kishiyantar namu duka. Na san hadisin. To me ya hana ni tuna shi a daren da ya tsaya gabana? Na riga na raɗa wa abin suna kafin ya gama magana. Da na ce "raunin imani", sai duk ilimin da ke wani babi ya rufe, na abin da na ambata kawai ya buɗe.

Annabi (SAW) ya kula da wannan al'amari ƙwarai. Ya canza wa mutane sunaye: Asiya mai ma'anar saɓo ya mayar da ita Jamila. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Hazn, wato tsauri, ya so ya mayar da shi Sahl, wato sauƙi, ya ƙi, jikan ya ce tsaurin bai bar gidansu ba. Har a yadda mutum zai siffanta halin da ransa ke ciki, Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa ya hana mutum ya jingina wa ransa kalmar ƙazanta da lalacewa, ya ba da wata kalma a madadinta mai nuna rashin jin daɗi kawai. Halin ɗaya ne, amma kalma ta farko hukunci ce a kan mutum, ta biyu labarin abin da ya same shi ne. Masu ilimin halayyar ɗan Adam na zamani sun gina fanni guda a kan wannan, irin aikin da Aaron Beck ya fara a Amurka a shekarun 1960, inda ake zama da marar lafiya ana bin maganganun da yake faɗa wa kansa ɗaya bayan ɗaya ana auna su. Kuma fiye da shekara dubu kafin shi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, ya yi babi a kan waswasi, ya kuma raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa kamar rashi ko asara, da wanda yake sauka ba dalili, ya ce wannan na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar maganin jiki.

Kada wani ya je ya ce Malam ya ƙaryata aljanu. A'uzu billahi. Aljanu gaskiya ne, sihiri gaskiya ne, kambun baka gaskiya ne, ruƙiyya ta shari'a sunna ce, kuma ban taɓa ce wa yaron nan ya bar addu'a ba. Amma Ibnul Ƙayyim da kansa, a Zadul Ma'ad, ya raba farfaɗiya biyu, wadda take daga miyagun ruhohi da wadda take daga jiki wadda likitoci ke magana a kanta. Shi bai zuba komai a buhu ɗaya ba. Kasancewar abu gaskiya ne a duniya bai nuna cewa shi ne ke damun wannan bawan Allah da ke gabanka ba. Wannan yana buƙatar hujja, kuma cewa wane ya yi wa wane jifa ba tare da hujja ba ƙazafi ne, ko da da hawaye aka faɗa.

Haka nan ba na cewa duk sunan da ya fito daga asibiti ko daga waya shi ne daidai. Yanzu yaranmu sun samo sababbi. Yarinya ta faɗi jarrabawa ta yi kwana biyu ba walwala, sai ta ce ai tana da "difireshan". Wannan baƙin ciki ne, 'yata, kuma halal ne ki yi shi. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu kuma malaman tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki. In aka mayar da kowane ɓacin rai ciwo, mai ciwon gaske sai ya ɓace a cikin taro. Akwai kuma wanda likita zai faɗa masa sunan ciwonsa, sai ya ɗauke shi ya rataya a wuya ya zama shi ne uzurinsa a kan komai. Shi ma linzami ne, an dai sauya mai ja.

Amma in ana maganar wanda ya fi cutuwa, mu tuna Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Galibi iyayensu ne suka kai su da hannunsu, ba don ƙiyayya ba. An ce musu "kangararre" ne, kuma a hoton da ke kanmu, abin da ya kangare tanƙwara shi ake yi. Allah kaɗai Ya san nawa ne a cikinsu suke da ciwon da ƙwaya da zama da likita za su iya magancewa. Ita kanta gwamnati sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai ɗauke da kalmar hauka a sunanta.

Da muka dawo daga Shika na zaunar da shi na nemi afuwarsa. Na karɓe takardar azkar ɗin nan mai lissafi, na ce ya yi zikirinsa ba ƙirge. Na buɗe masa Ahalari na nuna masa wurin da yatsa, na ce karanta da kanka. Ya karanta sau biyu, ya ɗago ya ce, "Malam, ashe an san da mu?" Muka yi yarjejeniya: buta ɗaya, kabbara ɗaya, in zuciya ta ce ba ta yi ba ya ce mata Malam ya ce ta yi, in akwai laifi a wuyana. Makonnin farko ya sha wahala, akwai ranar da na gan shi a sahu gumi na zuba kamar wanda ya yi dako. Bai sake kabbarar ba.

Yanzu ya koma shago, yana shan maganinsa, yana zuwa ganin likita in lokaci ya yi. Wani sa'in har yanzu ina hangen hannunsa yana ɗan motsawa bayan kabbara kamar zai sake ɗagawa, sai ya danne. Hajiya kuwa ta yarda magani ya yi aiki, amma a wajenta jifa ne dai aka yi, Allah Ya karya shi ta hannun likita. Gaisuwa tsakaninta da gidan wancan telan ba ta dawo ba har yau. Na yi mata magana sau biyu ta ce to, Malam. Ranar Juma'a in sha Allahu zan sake komawa, wannan karon tare da kawun.